Rabi'u Pele: Wa zai gaje shi a Pillars?

A teburan masu shayi na Wudil, da an ambaci Rabi'u Ali Pele sai musu ya kaure. Matasa na cewa wanda ya haura shekara 40 ya kamata ya ba yara wuri a Kano Pillars. Manya kuwa sai su tuno kofunan gasar Najeriya uku a jere, daga 2012 zuwa 2014.

Kofunan nan dai ba za su ci wasan gobe ba, nan matasa sun yi gaskiya. Gudunsa ma ya ragu. Amma in Sai Masu Gida suka samu bugun tazara, har yanzu shi 'yan kallo ke nema da ido. Masu son ya ajiye takalmi su fara nuna yaron da ke raba ƙwallo kamarsa.