Wa ke bin sawun kuɗin da muke biya don a ba mu labari?

Akwai wata dariya da nake yawan ji a bakin ƴan uwana matasa, har da waɗanda suka yi jami'a, duk lokacin da aka ce wani zai kashe shekara uku ko huɗu yana binciken digirin dokta a kan yadda ake zuba kuɗin jama'a a kafofin labarai. Sai ka ji an ce: "Ƙasa na fama da matsalar tsaro, buhun hatsi ya gagari talaka, shi kuma wai radiyo zai yi wa tez." Wallahi wannan dariyar ce ke sa ana kashe kuɗinmu da sunanmu, mu kuma muna zaune muna tafi.

Wanda gidansu ke da kuran, ya ɗauko takardar NIGELEC ya duba da kyau. Shekara da shekaru ana haɗa kuɗin ORTN, wadda aka mayar RTN a 2022, a cikin kuɗin wutar da muke biya. Wanda ba ya da kuran ma bai tsira ba: in ya sayi katin waya, akwai TVA ta kashi 19 cikin ɗari, kuma daga wannan baitulmali ake fidda abin da ake ba Télé Sahel da Voix du Sahel da ONEP mai buga Le Sahel. Kenan mai tuƙa kabu-kabu a Maraɗi da mai saida ƙosai a Damagaram duk suna da hannun jari a waɗannan gidajen. To mi suke samu? Ku kunna labaran dare ku ƙirga da kanku: wane ya karɓi baƙuncin wane, minista ya buɗe taro, gwamna ya rufe taro. An yi haka zamanin Tandja, an yi zamanin Issoufou, an yi zamanin Bazoum, yau ma ana yi. Ba na jingina laifin ga mulki guda. Al'ada ce ta ɗaukar gidan radiyon ƙasa tamkar tsakar gidan wanda ke kan kujera, kowa ya hau ya tarar da ita, ya ji daɗinta, ya bar wa na baya.

Gidaje masu zaman kansu kuwa, yunwa ce ke musu linzami. Kasuwar talla a ƙasar nan ƙarama ce: kamfanonin waya, bankuna kaɗan, sai sanarwar ma'aikatu da ta ONG. Saboda haka abin da ke ciyar da gidan radiyo shi ne kuɗin ɗaukar taro. Kana da atelye, ka biya, a zo da kamara da makirfo. Ba ka da kuɗi, ko garinku ruwa ya cinye, sai dai ku ɗauka da salula ku watsa a WhatsApp. Ɗan jaridan da aka turo, wanda wata uku bai ga albashi ba, ana gama taro zai bi layi ya sa hannu ya karɓi jika biyar na "kuɗin mota". Kowa ya san wannan, har su kansu ba sa ɓoyewa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta yaya wanda ya karɓi perdiyam ɗinka da rana zai tambaye ka da dare ina kuɗin rijiyar da aka ce an gina? Ni ban ga laifin yaron ba, yana da iyali. Laifin na tsarin da ya bar shi da makirfo da aljihu wayam ne.

Radiyoyin karkara sun fi ban tausayi. Tun da aka buɗe ta farko a Bankilare a 1999, yau sun haura ɗari, kuma su ne ke magana da manomi da makiyayi da harshensa: ranar rigakafi, farashin wake a kasuwa, dabbar da ta ɓata, lokacin sakin gonaki don kar a yi rikici. Akasarin masu aiki a cikinsu sa-kai suke yi. In batirin sola ya mutu, radiyo ta yi shiru sai ranar da wani furoje ya biyo ta hanyar. Ƙasar da tun 1962 ta kafa ƙungiyoyin masu sauraren radiyo, inda ƙauyawa ke zama su saurara su maida martani a naɗa a watsa, ita ce yau ta bar wannan gado yana bara.

Da can muna da inda muke fakewa. In gida an yi shiru, sai mu murɗa zuwa London ko Washington ko Paris. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023. An dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Sashen Hausa na Muryar Amurka kuwa ba mu muka rufe shi ba: a watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta tsaida aikin gidan, dattijon da ya saba kama tashar da asuba ya murɗa ya ji shuuu. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan tashoshi, kuma ni ma ban taɓa ɗaukar su mala'iku ba. Amma ku lura da abu guda: dukansu da kuɗin jama'ar ƙasashensu ake gudanar da su. Mun yi shekaru muna jin labarin ƙasarmu da harajin Bature, ranar da mai abu ya janye abinsa muka ga inda muke.

A nan nake son masu kiran ƴancin kai, waɗanda nake tare da su a abubuwa da yawa, su saurare ni. In mun ce ba ma son baƙo ya ba mu labarinmu, madalla, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai fa gatarin sai an saya, an wasa shi, an kuma bar shi ya yi sara. Ba zai yiwu a rufe bakin waje, a dakatar da Maison de la Presse a Janairun 2024, a dawo da ɗauri a kan abin da aka rubuta a intanet a watan Yunin 2024, a bar radiyoyin gida da yunwa, sannan a ce an ƴantar da labari ba. Ƙasar nan ce fa ta soke ɗaurin ƴan jarida a kan laifin aikin jarida a 2010, shugabanta ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain ranar 30 ga Nuwamban 2011, har muka maida ranar ta zama ta ƴancin jarida. Inda babu ɗan jarida mai cin abinci da aikinsa, masu sautin WhatsApp ne ke cike gurbin, kuma kun ga irin gobarar da suke kunnawa.

Wasu kuma za su ce: "In gwamnati ta ba da kuɗi, ai ta sayi bakin." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta makara. Ai an riga an saya, a cikin duhu, ta hanyar talla da ake ba wanda ya yi ladabi a hana wanda ya yi tsaurin ido. Abin tambaya shi ne hannun wa kuɗin ke bi kafin su iso. A Jamus kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata, kuma wata hukuma ce mai zaman kanta, KEF, ke lissafa abin da gidajen ke buƙata. Da jihar Saxony-Anhalt ta nemi ta hana ƙarin kuɗin, kotun tsarin mulki ta taka mata burki a 2021. Afirka ta Kudu ta yi doka a 2002 ta kafa MDDA don tallafa wa ƙananan kafofi da na al'umma. Ban ce mu kwafo kowa ba, su ma suna da rigimarsu. Ina nuna cewa ana iya gina katanga tsakanin mai riƙe da jakar kuɗi da mai riƙe da makirfo, kuma mutane ne suka zauna suka yi nazari kafin su gina ta.

Mu ma muna da asusun tallafa wa jarida, wanda CSC ke rabawa kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Duk rabon da aka yi sai an ji ƙorafi: wane ya samu, wane an hana shi, an ba jaridar da ba ta fitowa sai ranar rabo. A kan ƙorafi muke tsayawa, a fada, da shayi, gobe a manta.

Aikin mai binciken dokta shi ne ya maida ƙorafin nan hujja. Ya zauna da dokokin kasafin kuɗi na shekara goma ko ashirin, ya fidda nawa aka rubuta, nawa aka saki, nawa ya isa. Ya bi kuɗin da aka tara ta takardar wuta har inda suka sauka. Ya ɗauki labaran dare na wata shida ya auna da agogo: minti nawa na masu mulki, minti nawa na Diffa da Tillaberi, minti nawa da Faransanci a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa jin sa. Ya je Dakwaro da Tanut da Illela ya buɗe littafin kuɗin radiyon gari. Wannan ba aikin rubutun Facebook ba ne irin nawa, yana son shekaru da haƙuri da malamin da zai ce "ina shaidarka?" Masu bincike na LASDEL a Yamai sun yi irinsa a asibitoci da kotuna, suka zauna suka ga yadda ma'aikata ke aiki a zahiri, har yau da littattafansu ake kafa hujja. Mi zai hana a yi wa kuɗin labarai haka a Jami'ar Abdou Moumouni, ko André Salifou a Damagaram, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko Djibo Hamani a Tawa, tare da tsoffin ƴan IFTIC da suka san cikin gidajen?

Kuma a biya wa ɗalibin kuɗin binciken daga aljihun ƙasa. In ONG ta waje ce ta ɗauki nauyinsa, tambayarta zai amsa, rahoton kuma ya tafi inda kuɗin suka fito. A buɗe masa takardun ma'aikatar kuɗi da ta sadarwa, kar a ce masa "sirrin gwamnati ne" a kan kuɗin da uwarsa ta biya. In ya gama, kar a kulle tez ɗin a kabad: a taƙaita ta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a karanta ta a radiyoyin nan na karkara, mai ƙosai ta ji nawa ta biya bara da abin da aka yi da shi.