Zauren 'Yan'uwa: Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

 Wasiƙun da ke zuwa min kwanan nan duk zancen ɗaya ne. Wannan saurayinta zai nemi aikin ƙungiyar agaji a waje ya yi shekaru yana yawon duniya, waccan ita ce da kanta ke mafarkin hakan. To, hanyar akwai ta, amma ku saurara.

Tun 1987, zamanin Janar Babangida, gwamnatin tarayya ta kafa shirin TAC ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ana ɗaukar malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, a tura su shekara biyu ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Jamaika. Najeriya ce ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da nata shirin 'yan sa-kai tun 1970, ana ba su kuɗin ci da zama kowane wata.

Ga kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF da aka kafa a Faransa a 1971. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a 2021 ta fara kula da yara masu ƙwamiso a nan Katsina da Jibiya. Da yawa daga cikin waɗanda take turawa waje, a ƙasarsu suka fara yi mata aiki. Kun ga ke nan tafiyar daga bakin ƙofa take farawa.

Amma fa 'yar'uwa, ba don kyawun ido ake ɗaukar mutum ba. Sai da sana'a a hannu da takarda, sannan an yi aikin aƙalla shekara biyu. Mai jin Faransanci ya fi samun ƙofa a buɗe, ga Maraɗi nan a hancinmu amma mun raina koyo. Kuma ba Paris za a kai ka ba Malam, sansanin 'yan gudun hijira ne da wurin annoba. Mu tuna da ungozomomin Red Cross biyu da aka sace a Rann a 2018, ba su dawo ba, Allah ya jiƙan su. Duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai batun gida, wanda shi ne ya fi damuna. Galibi a tafiyar farko ba a zuwa da iyali. Kafin a sa rana, ki zaunar da shi ki tambaye shi: wata nawa zai yi? Ina za ki zauna? Wa ke riƙe da cefane? Kada ki bari daɗin baki ya sa ki zama amarya a hoto, miji sai a waya. Ke mai son tafiyar kuwa, ki nemi albarkar su Mama da Baba tukuna, ki kuma ƙarasa makarantar jinyar nan da kika ajiye.

Hattara da masu cewa a kawo kuɗin fom ko na biza, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo wurin ɗaukar aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, daga birnin Dikko.