SHARHI: Daga Ƙanƙarar Sendai Zuwa Fagen Kokawar Gwaram: Yadda Ake Rainon Gwarzo

A gasar Olamfik ta 2024 a birnin Paris, Nijeriya ta dawo gida ba tare da lambar yabo ko guda ba. An yi ta ƙorafi, sannan ƙura ta lafa. Tambayar da ba a amsa ba har yau ita ce: ta yaya ƙasa ke samar da gwarzo? Rayuwar Yuzuru Hanyu, ɗan ƙasar Japan da ya shahara a wasan zamiya a kan ƙanƙara, tana ɗauke da amsar da ta shafi har ƙananan hukumomi irin su Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jigawa, duk kuwa da cewa ƙanƙara ba ta kwana a ƙasarmu.

A wannan wasa, mutum kan sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, ya riƙa zamiya yana bin kiɗa, ya yi tsalle ya jujjuya a iska, sannan ya dira da ƙafa ɗaya. Alƙalai na ba da maki bisa wahalar tsallen da kuma kyawun motsi.

Yaro mai ciwon asma

An haifi Hanyu a birnin Sendai ranar 7 ga Disamba, 1994. Ya taso da ciwon asma, kuma yana ɗan shekara huɗu ya fara bin yayarsa zuwa filin ƙanƙarar garinsu. A 2004 aka rufe filin saboda matsalar kuɗi, sai da ya riƙa tafiya wani wuri mai nisa domin atisaye. An sake buɗe shi a 2007, bayan Shizuka Arakawa, wadda ita ma a Sendai ta koyi wasan, ta ci zinare a Olamfik na 2006. Shekara uku bayan haka, a 2010, Hanyu ya zama zakaran duniya a rukunin matasa.

Ranar 11 ga Maris, 2011, yana tsakiyar atisaye girgizar ƙasa ta afka wa arewa maso gabashin Japan. Da takalmin ƙanƙara a ƙafarsa ya fice daga ginin, kuma shi da iyalinsa suka yi kwanaki a matsugunin waɗanda bala'in ya shafa. Filin ya lalace, don haka ya mayar da wasannin nishaɗi da ake gayyatarsa a garuruwa daban-daban wurin atisayensa. A 2012 ya zo na uku a gasar duniya, sannan ya koma Toronto ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin mai horarwa Brian Orser.

Zinare biyu da raunuka

A Sochi ta Rasha, a 2014, ya ci zinaren Olamfik yana da shekara 19, ya zama namiji na farko daga nahiyar Asiya da ya yi haka a wannan fanni. Ya lashe gasar duniya a 2014 da 2017. A watan Nuwamban 2017 ya ji mummunan rauni a idon sawunsa na dama, amma bayan wata uku ya sake cin zinare a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. Rabon da wani namiji ya ci wannan zinare sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka, a 1948 da 1952. A Beijing, a 2022, ya gwada tsallen da ake juyawa sau huɗu da rabi a iska, ya faɗi, ya ƙare a na huɗu. A watan Yulin shekarar ya bar gasa, ya koma shirya wasannin nishaɗi na kansa.

Baiwa da naci nasa ne. Amma filin da ke kusa da gida, da mai horarwa, da likitocin da suka yi jinyar ƙafarsa, da jami'ar Waseda da ya kammala a 2020, duk tsari ne ya tanadar masa su. Shi kansa ya san haka, domin kuɗin da ya samu daga littafin tarihin rayuwarsa ya bayar da su ga filin na Sendai.

Namu gwarazan

Ƙasar Hausa ba ta rasa wasannin da mutum ɗaya ke fita fage ya nuna bajinta ba. Akwai kokawa, akwai dambe, akwai langa, kuma da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu, ake buɗe fage. Makaɗi na kiɗa, ɗan wasa na kirari, jama'a na kari. Abin da aka rasa shi ne abin da ke biyo bayan tafi. Ɗan damben da ya karye a hannu sau da yawa shi da danginsa ke neman kuɗin ɗori, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare yakan koma gida ba sana'a, ba ajiya.

Ba sai an je Japan ba kafin a ga yadda tsari ke aiki. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 hukuma ta mayar da kokawar gargajiya gasar ƙasa, inda yankuna takwas ke turo 'yan wasansu su yi takarar takobi. A nan ne Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobin sau da dama, har sunansa ya tsallako iyaka. Yaron ƙauye a Maraɗi ko Damagaram ya san matakan da zai taka daga dandalin garinsu zuwa fagen ƙasa. Takwaransa na Gwaram ba shi da irin wannan tsani a gabansa, duk da cewa kokawa da dambe na cikin wasannin da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya.

Abin da ke hannun ƙananan hukumomi

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, ya sa dole a fara tambayar shugabanninsu me suka tanadar wa matasa. Fagen kokawa ba ya bukatar injin daskarar da ruwa. Yana bukatar fili mai katanga, da yashi, da alƙalan da aka horar, da ma'aikacin lafiya a gefe. Yana bukatar rajistar 'yan wasa, da gasar mazaɓu duk shekara wadda za ta kai ga ta ƙaramar hukuma, sannan ta jiha a Dutse. Yana kuma bukatar a ɗaure wasan da makaranta ko koyon sana'a, domin shekarun ƙarfi ba su da yawa. Hanyu ma yana ɗan shekara 27 ya bar gasa.

Birnin Kudu ta san amfanin cibiya mai ɗorewa, domin Kwalejin Gwamnati da ke garin ta yaye mutane irin su Aliko Ɗangote. Hausawa kuwa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Idan majalisun Birnin Kudu da Gwaram suka sanya gasar kaka a kasafin kuɗinsu na shekara mai zuwa, aka kuma bayyana wa jama'a adadin abin da aka ware, to an aza matakin farko na tsanin.