Shafin Kayan Zamani: Idan Fuskar Kwamfuta Ta Yi Duhu



A hunturun da ya wuce wata ƙanwarmu da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta shigo gida a Aboabo idanunta jawur. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka tana kamawa, fanka na juyawa, ƙaramar fitila na ci, amma fuskar baƙi ƙirin. Kundin bincikenta yana ciki, saura kwana 9 ta miƙa shi. Ta kai wa wani mai gyara a cikin gari, bai ko kwance ta ba ya ce ta mutu, har ya taya ta da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da muka jona ta da talabijin ɗin falo, sai ga komai ya fito lafiya lau. Ashe wata siririyar waya ce ta goce daga mazauninta.

Abin da muke so kowane gida ya riƙe shi ne, duhun fuska ba ya nufin rubuce-rubuce da hotuna sun salwanta. Ma'ajiyarsu daban take, mai sarrafa hoto daban, gilashin da ke nuna shi daban. Kafin mu fitar da sidi ɗaya, akwai gwaje-gwajen da za mu iya yi a ɗaki.

Na farko, a cire caja da duk abin da aka soka mata, a danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 30, sannan a sake kunnawa. A kuma ƙara haske da maɓallinsa, domin sau da yawa yaro ne ya rage shi har ƙarshe.

Na biyu shi ne gwajin talabijin. A samo wayar HDMI a haɗa su, idan hoto bai fito da kansa ba a danna maɓallin Windows tare da harafin P. In ya fito tsaf a talabijin, to cikin kwamfutar lafiya yake, ciwon yana murfi. Nan take a kwafe muhimman abubuwa zuwa filashi kafin a ci gaba.

Na uku, a kashe wutar ɗaki a haska gilashin da tocila daga gefe. Idan an hango hoto dishi-dishi, fitilar bayan gilashi ce ta daina ci, ko abin da ke ba ta wuta. Idan kuwa layuka ne ke gilmawa, a motsa murfin a hankali. Layukan da ke zuwa suna tafiya da motsin murfi alama ce ta wayar da ta bi ta gaɓar murfi, wadda buɗewa da rufewa na shekaru ke cinyewa, kuma canza ta ya fi sayen gilashi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tabo mai kama da tawadar da ta malale, wannan gilashi ne ya fashe daga ciki, ba shi da magani sai sabo. Masu Dell suna da ƙarin hanya: a danne harafin D yayin kunnawa, fuskar za ta gwada kanta da launuka ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, a lura da lokacin da matsalar ke farawa. Idan tambarin kamfani ya fito garau, sai Windows ta buɗe hoto ya rikice, to manhajar sarrafa hoto ce, wadda masu gyara ke kira direba. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana farfaɗo da ita, in kuma abin ya ci gaba a sake ɗora ta.

Inda lamari ke yin nauyi shi ne a ga ɓaraka iri ɗaya a gilashi da talabijin. Wannan yana nuni ga ƙwaƙwalwar wucin-gadi ko guntun sarrafa hoto, kuma zafi ne babban abokin gabansa. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu guntayensa da ke cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna lalacewa saboda zafi da hucewa, lamarin da ya shafi HP da Dell da Apple. Akan hura wa guntu iska mai zafi ya farfaɗo. Mu sani cewa galibi wannan gyara na ɗan lokaci ne, don haka mai sayen ta-hannu ya bar ta tana aiki har ta yi zafi kafin ya biya.

Rigakafi kuwa a hannunmu yake. Kada a ɗora ta bisa katifa ko darduma ta toshe mata iska. A riƙa share ƙurar hunturu daga fanka. Kada a ɗauke ta ta murfi, kada a rufe ta da biro a kan maɓallai. Darasin shekarun dumsor, 2012 zuwa 2016, yana nan: in wuta ta ɗauke a zare caja, sai ta dawo ta daidaita.

Daga ƙarshe, kwamfutar gida tana ɗauke da sirrin iyali. In dole sai an kai ta Adum ko Kejetia, a tsaya a yi gyaran a gabanmu, ko a cire ma'ajiyar idan tana ciruwa. A nemi mai gyara ya nuna abin da ya lalace, ya kuma dawo da tsohon da ya cire. Masu gaskiya a cikinsu suna da yawa, kuma ba sa jin haushin tambaya.

Ƙanwarmu ta miƙa kundinta da sauran kwana 2, kuma yanzu ba ta kwana sai ta kwafe aikin ranar wuri biyu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.