TSOHON DOKI SAI MAI SHI

Duk wanda ya bi hanyar Maiduguri ya ratsa Hotoro, daga wajen defon mai har zuwa titin da ya kewaye gari ta gabas, in dai ba gyangyaɗi ya ke yi a cikin mota ba, lalle zai ga abin da ya isa a yi magana a kansa. A bakin titi da cikin lunguna ga garejin kanikawa nan birjik, galibinsu kuwa ba a rasa manyan motoci biyu ko uku a ɗore a kan duwatsu, an kwance ƙafafu, ƙura ta rufe gilashi, kaji na shan inuwa a ƙarƙashi. Motocin alfarma ne fa, irin waɗanda a da in sun tunkaro ƙofar masana'anta a Bompai ko Sharaɗa, maigadi kan sheƙo da gudu ya buɗe tun direba bai yi oda ba. In ka tambayi mai gareji me ya kwantar da su, amsar ɗaya ce, wai tsufa. Mu dai ba mu yarda da wannan amsa ba, kuma za mu faɗi dalili.

Bari mu fara da yadda motocin suka zo. A zamanin da kuɗin man fetur ya shigo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki dare da rana, attajiri ko manaja ba ya jin ya cika sai ya shiga Mercedes, wadda jama'a ke kira Marsandi. Gwamnati ita kam ta ja baya da wuri. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammed cikin baƙar Marsandinsa ran 13 ga Fabrairu, 1976, motar da har yau ta ke ajiye a gidan tarihi na Ikko, sai gwamnatin da ta biyo baya ta mai da manyan ma'aikata cikin Peugeot 504, wadda a ke haɗawa a Kaduna. Manyan motoci suka rage a hannun 'yan kasuwa. Samfurin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da mai bi masa wanda ya fito a 1984, shi ne a ke ce wa V-boot, an yi su da ƙarfe na gaske, har aka san su a duniya da jimiri. Sa'an nan a 1986 aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mutane, aka koma sayen na hannu waɗanda a ke kira Kwatano. Saboda haka babbar motar da ka gani a Hotoro yau, ko Marsandi ce, ko BMW, ko Lexus, mai yiwuwa ne ta wuce shekara 20 ko 30, tana hannun mai ita na uku ko na huɗu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin sayen motar ya faɗi ƙasa warwas, har malamin makaranta ma ya iya yin adashi ya saya. Amma kuɗin riƙonta yana nan inda ya ke tun ran da ta fito daga kamfani, ya ma ƙaru. Kakanninmu sun san wannan a kan doki. Ba wanda ke sayen ingarma sai ya tanadi turke da harawa da dusa da kanwa, da yaron da zai riƙa wanke shi yana duba kofatonsa. Wanda ya sayi doki don hawan salla kaɗai, ya bar shi da yunwa sauran watanni, dariya a ke yi masa a unguwa. Amma ga shi yau mutum ya sayi mota mai silinda 8, sa'an nan ya tsaya yana ciniki da bakanike a kan ko za a iya ƙara wata biyu ba a juye baƙin mai ba.

Laifin farko ke nan, na mai mota ne. In kuɗi ya shigo masa, ina ya ke kai shi? Wajen mai fenti, da mai ɗinkin kujera, da mai sa baƙin gilashi. Yanzu ma har an sami wata sabuwar ɗabi'a, a ɗauki motar 2008 a canja mata fitilu da hanci da bamba ta koma kamar ta 2020, a kashe kuɗin da ya isa a sake mata ƙafafu gaba ɗaya. Fuska ta yarinya, gwiwoyi na tsohuwa. Man birki kuwa, wanda ke shan danshi daga iska har ya rage kamawa in ya yi zafi, kuma masu ƙera motoci suka ce a canja shi duk shekara 2, sai ka tarar tun da motar ta sauka daga jirgin ruwa ba wanda ya taɓa shi. Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma mutum nawa ne ke durƙusawa ya duba? Roba tana mutuwa ko da zanenta bai ci ba, balle a kwaltar Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mota mai nauyin kusan tan 2 in tayarta ta fashe a hanyar Wudil, fentin nan ba zai ceci kowa ba, kuma sau da yawa har da wanda ke tafiya a ƙasa bai ji ba bai gani ba.

Laifi na biyu shi ne wanda ya fi damunmu, don gyaransa yana hannun hukuma. Kanikawan Kano gwanaye ne, wannan ba mai musu. Akwai wanda zai saurari inji daga nesa ya gaya maka wane fistin ne ke kuka. Amma kunne da hannu sun ishi motar da aka yi kafin lantarki ya mamaye inji ne kawai. Ku duba abin da a ke yi wa ɗan ƙarfen nan da ke tsare zafin inji, wanda a ke kira tamostat. Mota na shigowa gareji sai a cire shi a jefar, a ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Alhali an tsara inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, aikin wannan ɗan ƙarfe kuwa shi ne ya kai shi can da sauri ya tsare shi a nan. In babu shi, da safe injin ya daɗe yana sanyi, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. A waɗansu injunan ma cire shi kan sa ruwa ya riƙa kewayawa ba ya bi ta lagireto sosai, sai zafin da a ke gudu ya zo. Daga nan a cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan da aka haɗa don haka, tsatsa da gishiri su toshe hanyoyi. A ja wa fanka waya kai tsaye ta yi ta juyi ba tsayawa. In fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a cire ƙwanta, shi ke nan an warkar da ciwo. Bayan shekara guda kan inji ya ƙone, kowa ya ce tsufa ne.

Wani misali kuma. Marsandin da aka ƙera tsakanin 1992 da 1996, da yawansu an naɗe wayoyin injinsu da wata irin roba wadda zafi ke sa ta marmashe, wayoyi su riƙa taɓa juna. An san wannan a duniya, an rubuta shi, maganinsa kuwa shi ne a sake damin wayoyin. Amma wanda bai karanta ba, sai ya canja fulogi, ya canja famfon mai, ya canja kwamfuta ɗungurungum, sabuwar ma wayoyin nan su ƙone ta. Mai mota ya gaji da biya ya bar ta a kan duwatsu. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, doka ta sa motoci masu shan fetur su zo da wata kafa inda a ke jona na'ura, motar ta faɗi ciwonta da kanta. Na'urar tana nan a kasuwa, ba ta ma kai kuɗin fitilar ado guda ba. Sai dai abin da ta ke nunawa lambobi ne da rubutu, kuma sai mai karatu zai san cewa lambar tana nuna inda za a fara bincike ne, ba ta ce a sayo sabon abu ba.

A cikin yawon duba makarantu mun sha tsayawa a irin waɗannan gareji, mun yi hira da yaran da ke miƙa sifana. Mafi yawansu sun bar makaranta tun daga firamare, waɗansu ba su taɓa shiga ba. Yaro zai yi shekara 5 ko 7 a gaban maigidansa, ya koyi abin da maigidan ya sani, daidai da kuskure duka, sa'an nan a yi masa walimar yaye ya buɗe nasa wurin ya koya wa waɗansu. Ba laifin yaron ba ne, ba kuwa na maigidansa ba. Mu masu sha'anin ilmi mu ne muka raba karatu da sana'a, muka sa a ran iyaye cewa mai ƙoƙari shi ke zuwa ofis, daƙiƙi a kai shi gareji. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982 an yi niyyar gyara wannan, aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen Turai aka rarraba wa makarantu. Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun san ƙarshen labarin, akwatuna da yawa ba a ko buɗe su ba, don babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya. Abin dariya, abin takaici, makarantun da aka ce su koyar da gyara su ne suka fara barin kayansu suka lalace.

Wani zai ce, ina ruwan gwamnati da motar attajiri? In ta tsufa a kai ta Ƙofar Ruwa a yanka a sayar, a sayi ƙarama mai ɗan shan mai. Wani lokaci wannan ita ce gaskiya. Motar da tsatsa ta cinye ƙashinta, ko ta taɓa nutsewa a ruwa, zuba mata kuɗi ɓarna ce, kuma bakanike na kirki shi ne zai faɗa wa mai ita haka ko da zai rasa aikin. Amma a tuna, hannun da ke kashe Marsandi shi ne ke taɓa motar asibiti, da motar kashe gobara, da bas ɗin 'yan makaranta. Wanda ya leƙa bayan ma'aikatu zai ga nasu duwatsun da nasu motocin, waɗanda aka saya da kuɗin talakawa. Ban da haka, kowace mota da ta mutu kafin kwananta, da kuɗin waje za a sayo madadinta, tun da ba mu ƙera irinta. Ko taya ma, tun da Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008, daga waje mu ke jira. Ga rumfunan masana'antu nan a rufe a Sharaɗa da Challawa, a garin da aka taɓa haɗa manyan motocin Fiat, amma robar ƙafa da matatar iska sai an yi oda daga ƙetare.

Yanzu kuma wani sabon abu ya taso wanda ba ya jiran mu gama shawara. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, masu manyan motoci suka fara neman a mai da su masu amfani da iskar gas. Dabara ce mai kyau, ita ce ma gyaran da ya fi dacewa da inji mai yawan sha. Amma iskar da a ke matsawa cikin tukunyar nan, ƙarfinta ya ninka na tayar mota kusan sau 100. A 2024 wata mota ta tarwatse a gidan mai a birnin Benin ana cikin ɗura mata, aka tarar tukunyar haɗin mai walda ce, mutane suka jikkata. In aka bar wannan aiki ya shiga gareji ta hanyar da cire tamostat ya shiga, watau wane ya gani wajen wane, to, abin da za a riƙa asara ya wuce inji.

Abin da mu ke roƙo ba ya bukatar sabon gini. Kwalejojin fasaha suna nan a Kano da Wudil da Bagauda da Ungogo, da malamansu. Makarantun firamare na Hotoro kuwa a rufe su ke daga la'asar. Hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha ta zauna da shugabannin ƙungiyar kanikawa, a buɗe ajin yamma kwana 3 a mako, a koya wa yaran gareji karatu da lissafi da karanta zanen waya da amfani da na'urar bincike, da Hausa, a kan motocin da ke gabansu. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, don irin wannan aka yi shi. Wanda ya gama a kai shi jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ya sami takarda, kada kuma a ba kowa aikin motar gwamnati ko izinin ɗaura tukunyar gas sai mai wannan takarda. Iyayen gidan ba za su ƙi ba, in dai an fara da su, an kuma girmama su, don ba dattijon da zai so yaronsa ya dawo daga aji ya ƙure shi a gaban mai mota.

Kai kuwa mai tsohuwar mota, tun ba a buɗe aji ba akwai abin da ke hannunka. Sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta ka ajiye a aljihun motar. Duk ran da aka juye mai, ko aka canja wani abu, ka rubuta kwanan wata, da abin da mita ta nuna, da abin da aka sa, da wanda ya sa. In an cire wani abu a ce ya lalace, ka ce a ba ka shi a hannu. In damina ta wuce hunturu ya kawo ƙura, ka sa a buɗe matatar iska a gabanka. Ran da kuɗi ya shigo kuma, ka fara kai ta wajen mai birki, mai fenti ya jira wata mai zuwa.