Kafin a fizge iyafis daga kunnen yaro

Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Lugbe ko Mararraba yakan bar gida da jijjifi don ya riga cunkoson hanya, ba ya dawowa daga Sakatariyar Tarayya sai bayan magariba. Idan hadimin wani babba ne kuwa, lokacin tashinsa yana hannun maigidansa. Abin da yake tararwa a falo kusan iri ɗaya ne kullum: ɗa ko 'ya mai shekara 15, kunnuwa a toshe da iyafis, a yi sallama sau biyu babu amsa. Daga nan sai faɗa, sai ƙwace waya. Uban ya kwanta da yaƙinin ya yi tarbiyya, alhali bai san waƙar da yaron yake ta maimaitawa tun la'asar ba, balle ya san abin da ya sa.

Wannan dalilin shi ya kamata ya fi tsaya wa iyaye a rai. Shekarun balaga lokaci ne na ƙuncin da ba shi da suna: jiki yana sauyawa, soyayyar fari tana zuwa da raɗaɗinta, abokai suna auna juna da sutura da waya, ga jarrabawa a gaba. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar a 2025, fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba. Kowannensu ya koma wani gida da wannan labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Yaron da aka horar da kunya da kawaici ba zai tari mahaifinsa ya ce zuciyarsa ta yi nauyi ba. Sai ya nemi wanda ya riga ya faɗi abin da shi ya kasa faɗa, ya saurare shi.

Al'adar Bahaushe ta daɗe da sanin haka. A dandali, cikin farin wata, 'yan mata sukan yi gaɗa suna tafi, suna rera abin da bakinsu ba zai iya furtawa a tsakar gida ba: saurayin da ake so, mijin da za a ɗaura wa mutum ba da sonsa ba, fargabar gidan miji da kishiya. Iyaye mata suna jiyowa daga cikin gida, kuma mai hankali a cikinsu takan gane wadda ake yi domin ta. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya tashi a maraya, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa ƙaramin mutum waƙa, har da karen mota, kuma matasan zamaninsa sun ji kansu a ciki. Rukunin gidajen Abuja ba su da dandali. Akwai katanga da maigadi, akwai boko da Islamiyya da darasin yamma. Gaɗar ta koma cikin waya, da bambanci guda mai girma: a da unguwa ce ke jin waƙar, yanzu kunne ɗaya ne.

Duk wanda ya daure ya saurara zai tarar ba rawa da holewa kaɗai ke ciki ba. Omah Lay, mawaƙin Fatakwal, ya fitar da kundin Boy Alone a 2022, yana magana a fili kan baƙin ciki da kaɗaici, abin da namiji ɗan Najeriya bai saba amsawa a bainar jama'a ba. Da Mohbad ya rasu a watan Satumban 2023 yana da shekara 27, matasa sun fito da kyandira a Legas da wasu biranen, domin sun daɗe suna jin matsi da neman kwanciyar hankali a muryarsa. A ɓangaren Hausa, waƙoƙin irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suna zagaye ne a kan bege da rabuwa da cin amana. Babba yana iya yi musu kallon shirme, amma ga 'yar shekara 16 da ƙawarta ta tona mata asiri a aji, wannan shi ne babban al'amarin duniya.

Masana ma sun duba lamarin. Suvi Saarikallio da Jaakko Erkkilä na ƙasar Finland sun wallafa nazari a 2007 da ya nuna matasa suna amfani da waƙa da gangan wajen sarrafa yanayin zuciya: su huce fushi, su kawar da tunani, su sami lallashi. A Amurka, mawaƙi Logic ya saki waƙa a 2017 wadda sunanta shi ne lambar wayar agajin masu tunanin halaka kansu, kuma wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya gano kiraye-kirayen neman taimako sun ƙaru a lokutan da waƙar ta fi tashe.

Damuwar iyaye kuma tana da tushe, bai kamata a raina ta ba. Akwai waƙoƙin da ke ƙawata shaye-shaye da batsa da kuɗin damfara, a ƙasar da sai da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya cinye matasa. Akwai kuma yaron da waƙar baƙin ciki ba ta sauke masa nauyi, ƙara dulmiya shi take yi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma gidan da ya zaɓi nisantarsa bisa fahimtar addini yana da cikakken haƙƙi. Sai dai hana waƙa ba ya kawar da ƙuncin da ya kai yaro gare ta. Gidan da ya rufe wannan ƙofa wajibinsa ne ya buɗe wata: ƙasida, rubutacciyar waƙa, karatun Alƙur'ani da murya mai sanyaya rai, sama da duka kuma babban da zai zauna ya ji.

Hukumomi sun fi sabawa da sanda. Hukumar NBC ta hana sanya waƙar Falz mai suna This Is Nigeria a rediyo da talabijin a 2018, ta kuma yi wa ta Eedris Abdulkareem haka a 2025. Matasa ba a rediyo suke sauraro ba, kuma haramcin talla ya zame wa waƙoƙin. Masu rubuta wa ministoci takardu za su fi amfanar yara idan suka tambayi makarantun sakandaren tarayya nawa ne ke da ƙwararren malamin ba da shawara, da kuma yadda darasin al'adu da fasaha da ke cikin manhaja yake gudana a aji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta isa ga ɗan sakandare ba muddin ta tsaya a takarda.

Iyaye kuwa ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Akwai alamun da ya kamata su lura da su: waƙa ɗaya ta baƙin ciki mako da mako, tare da ƙin abinci, rashin barci, janyewa daga abokai ko faɗuwar maki. Wannan ya wuce waƙa, likita yake nema. In ba haka ba, ranar Asabar a cikin mota, uba yana iya cewa yaron ya haɗa wayarsa da rediyo ya sa wadda ya fi so. Ya daure har ta ƙare ba tare da tsaki ba, sannan ya tambaye shi wane wuri ne ya fi taɓa shi. Mai yiwuwa amsar ta zo a gajarce, ko ta ƙi zuwa a ranar. Amma yaron zai san an tambaya, kuma ranar da abin ya fi ƙarfin waƙa, zai tuna wanda ya taɓa saurara.