Sokawen Gidanki Ba Juji Ba Ne

Damina ta kankama, sokawe ya fara tumbatsa a gidaje, kuma sau da yawa daga wurin wanke-wanke matsalar ke farawa. Maiƙon miya da ragowar man suya daskarewa suke yi a bututu, su kuma liƙe ƙasar da ke tsotse ruwan. Ki riƙa juye su a gwangwani, ki sa ragar waya a bakin rariya ta tare shinkafa da ganyen shayi. Famfas da audugar mata kuwa ba sa narkewa, kada su shiga masai.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ramin ya toshe. Wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai na taruwa a ciki. Nauyi gare ta, a ƙasa take kwanciya, in ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta. Mutum na sauka sai ya sume, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Don Allah kada ki bari a tura yaro ko almajiri ciki, a kira masu motar zuƙa.

Yau ɗin nan ki duba murfin. In ya tsage, ki sa maigida gaba sai an sake shi.